WhatsApp, Telegram ko Signal: Wacce Za Ka Ba Amanar Hirarka?

Duk ranar da labari ya ɓulla cewa an yi wa wani kamfanin fasaha kutse, ko ya sauya ƙa'idojinsa, sai zaurukan hira su cika da barkwanci iri ɗaya. Wani ya ce jiya ya ambaci takalmi a kusa da wayarsa, yau tallan takalmi ya hana shi sakat. Wani ya ce shi ba shi da abin ɓoyewa, duk wanda ya shiga wayarsa ba zai tarar da komai ba sai gaisuwar safe da tunin bashi. A yi dariya a watse. Amma bayan an watse, akwai wanda zai biyo ka ta gefe ya yi tambaya da gaske: to ni yanzu wacce zan riƙe? In bar WhatsApp in koma Telegram? Ita wannan Signal da ake ta ambato, me ta fi su da shi?

An sha yi mini wannan tambayar, kuma na lura mafi yawan masu yin ta sun riga sun yanke hukunci a ransu cewa Telegram ce manhajar sirri, WhatsApp kuma ta masu tallata mutane. Wannan fahimtar a juye take ta wani ɓangare mai muhimmanci, kuma wanda ya dogara da ita zai iya gudun gara ya faɗa wa zago. Shi ya sa na ga gara in zauna in warware maganar dalla-dalla.

Ma'aunan da zan auna su da su

Na farko, kuma mafi nauyi: makullin saƙonka a hannun wa yake? Duka ukun suna kulle saƙo yayin da yake kan hanya, don haka mai leƙe a kan layin intanet ba zai karanta ba. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Tambayar ita ce, idan saƙon ya isa manyan kwamfutocin kamfanin, shi kamfanin zai iya buɗewa? Akwai tsarin da ake kulle saƙo a wayar mai aikawa, ba ya buɗuwa sai a wayar mai karɓa, kamfanin da ke tsakiya ɗan aike ne kawai da aka ba shi akwati a rufe ba a ba shi makulli ba. Wannan shi zan riƙa kira cikakken kulli. Akwai kuma tsarin da ɗan aiken yake da nasa makullin a aljihu, ya dai yi alkawarin ba zai buɗe ba.

Na biyu shi ne sawu. Ko ba a karanta abin da ka rubuta ba, ana iya sanin da wa ka yi magana, da ƙarfe nawa, sau nawa, daga ina, da wace waya. Mutane suna raina wannan. Amma ka ɗauka an san mace ta kira likitan masu ciki da rana, ta kira ƙanwarta har sau huɗu da dare, washegari ta kira lauya. Ba a ji kalma ɗaya daga bakinta ba, amma an san labarinta kusan duka.

Sai kuɗi. Duka ukun kyauta ake sauke su, saboda haka abin dubawa shi ne inda kamfanin ke samun abin da yake biyan ma'aikata da wutar kwamfutocinsa, domin mai biyan kuɗi shi ake yi wa biyayya. Sai ɗorewa, ta fuska biyu: idan wayarka ta ɓata ko ta faɗa ruwa me zai saura na hirarka, kuma shi kamfanin zai kai baɗi? Sai sauƙin amfani, wanda rabinsa tambaya ɗaya ce, wato ko mutanenka suna can. Na ƙarshe shi ne haɗari, ta inda aka saba shigo wa masu amfani da kowacce.

WhatsApp

Jan Koum da Brian Acton, tsofaffin ma'aikatan Yahoo, su suka kafa ta a 2009. Facebook, wanda yanzu ake kira Meta, ya saye ta a 2014 a kan kimanin dala biliyan 19. A da tana karɓar dala ɗaya a shekara, aka soke wannan a farkon 2016. A 2025 kamfanin ya ce masu amfani da ita sun haura biliyan 3 a wata.

Ta fuskar makulli, WhatsApp ta ci jarrabawa, kuma wannan ne abin da masu zaginta ba su cika sani ba. Tun 2016 duk hirar mutum biyu, da hirar zaure, da kiran murya da na bidiyo, suna ƙarƙashin cikakken kulli ba tare da ka taɓa komai ba. Fasahar da take amfani da ita ma ta Signal ce, masu Signal ɗin ne suka taimaka aka dasa ta. Abin da ya rage na shakku shi ne, ba a buɗe wa jama'a lambobin ginin manhajar ba, wato rubutun umarnin da aka gina ta da shi, don haka masu bincike na waje ba su da damar bin ta layi-layi su tabbatar. Akwai kuma ƙofofin da ya kamata ka sani. Tashoshin da aka ƙaro a 2023, inda mai tasha ke watsa saƙo ga mabiyansa, ba sa cikin cikakken kulli. Idan wanda kake hira da shi ya kai ƙararka ta cikin manhajar, saƙonninka biyar na ƙarshe suna tafiya wurin kamfanin. Hira da asusun 'yan kasuwa kuma tana iya biyawa ta hannun wani kamfanin da ke kula musu da saƙonni.

Babbar ƙofar ita ce kwafin ajiya. WhatsApp tana ajiye kwafin hirarka a Google Drive ko iCloud, kuma wannan kwafin ba ya cikin cikakken kulli sai ka shiga ka kunna da kanka, damar da aka samar a watan Oktoban 2021. Ana kunnawa da kalmar sirri ko da makulli mai lamba 64. Ko kai ka kunna, idan abokin hirarka bai kunna ba, to hirarku tana kwance a ajiyarsa yadda take. Wannan ba laifin lissafin kullin ba ne, amma ga mai neman sirri sakamakon ɗaya ne.

A sawu ne take faɗuwa. Takardar manufofinta da kanta ta lissafa abin da take tarawa: lambar wayarka, lambobin mutanen da ke cikin wayarka idan ka ba ta izini, lokacin da kake hawa da tsawon zamanka, adireshin intanet ɗinka, irin wayarka, kamfanin layinka, har da yawan cajin batir da ƙarfin sabis. Tun 2016 take raba wasu daga cikin waɗannan da uwar kamfaninta. A 2017 Hukumar Tarayyar Turai ta ci tarar Facebook yuro miliyan 110 saboda bayanin da ya ba ta lokacin cinikin sayen WhatsApp, game da yiwuwar haɗa asusun WhatsApp da na Facebook, ya saɓa wa gaskiya. A 2021 hukumar kare bayanai ta ƙasar Ireland ta ci tarar WhatsApp yuro miliyan 225 kan rashin fayyace wa mutane yadda ake sarrafa bayanansu. Ruwa ba ya tsami banza.

Mai karatu zai iya tuna hayaniyar watan Janairun 2021, lokacin da saƙo ya fito wa kowa cewa ya amince da sababbin ƙa'idoji kafin 8 ga Fabrairu. An yi ta yayata cewa daga ranar Facebook zai fara karanta hirar mutane. Ba haka ba ne, sauyin ya fi shafar hulɗa da asusun 'yan kasuwa, kuma an ɗage wa'adin zuwa 15 ga Mayu. Amma tsoron da mutane suka ji yana da tushe: kamfanin da ke rayuwa da talla shi ke riƙe da manhajar. Su kansu waɗanda suka kafa ta sun bar kamfanin, Acton a 2017, Koum a 2018. A watan Yunin 2025 kuma aka sanar da fara sa talla a ɓangaren sitatus da tashoshi.

Ta fuskar ɗorewa ba ta da matsala. Kamfanin yana da kuɗi, kuma idan kana da kwafin ajiya, sabuwar waya za ta dawo maka da hirarka. Takan ɗauke wani lokaci, kamar ranar 4 ga Oktoban 2021 da ita da Facebook da Instagram suka yi kusan awa shida a kwance. Sauƙi kuwa babu mai ja da ita. Zaure yana ɗaukar mutum 1,024, fayil har gigabait 2, kuma tsoho da yaro kowa ya iya ta.

Haɗarinta mafi muni da aka gani shi ne na 2019, lokacin da aka yi amfani da wata ɓaraka a tsarin kiranta aka dasa manhajar leƙen asiri ta Pegasus, ta kamfanin NSO na Isra'ila, a wayoyin mutum kusan 1,400, cikinsu har da 'yan jarida da masu kare haƙƙin ɗan Adam. Kira kawai ake yi, ko ba ka ɗauka ba an shiga. WhatsApp ta toshe ɓarakar, ta kuma maka NSO a kotu a Amurka. Darasin da ke ciki ya shafi duka ukun: idan aka ƙwace wayar kanta, mai kutsen yana ganin abin da idonka ke gani, kulli ba shi da sauran amfani.

Telegram

A nan nake so mai karatu ya nutsu.

'Yan'uwa biyu 'yan Rasha, Pavel da Nikolai Durov, waɗanda suka kafa dandalin sada zumunta na VK, su suka fito da ita a 2013. Hedikwatarta a Dubai take. A watan Maris na 2025 Pavel Durov ya ce ta kai mutum biliyan ɗaya a wata. Sunan da ta yi na taurin kai a gaban hukumomi ba a banza ta same shi ba: Rasha ta toshe ta daga Afrilun 2018 zuwa Yunin 2020 bayan ta ƙi miƙa makullan saƙonni ga hukumar tsaron ƙasar. Daga irin wannan labarin mutane suka ɗauka komai na cikinta a kulle yake.

Gaskiyar ita ce, hirar da kake yi a Telegram ta yau da kullum ba ta cikin cikakken kulli. A kwamfutocin kamfanin ake ajiye ta, kuma makullin yana hannunsu. Suna cewa sun rarraba makullan a ƙasashe daban-daban yadda kotun ƙasa ɗaya ba za ta iya tilasta musu ba. Ko da haka ne, wannan alkawari ne, kuma alkawari daban, rashin iko daban. Zauruka da tashoshi duk haka suke, babu hanyar da za ka sa saƙonninsu cikin cikakken kulli ko ka so.

Cikakken kulli yana nan, amma sai ka neme shi. Za ka shiga shafin mutumin da kake son magana da shi, ka taɓa ƙarin zaɓi, ka nemo inda aka rubuta Secret Chat, wato hirar sirri, ka tabbatar, sannan ka jira shi ya hau intanet kafin hirar ta buɗe. Idan ta buɗe za ka ga ɗan hoton kwaɗon kulle ƙofa kusa da sunansa. Tsakanin mutum biyu kawai take aiki, a kan wayar da aka buɗe ta kawai take zama, ba ta bin ka zuwa wata na'urar. Na sha karɓar wayar mai yabon sirrin Telegram, da izininsa, mu duba jerin hirarrakinsa tare daga sama har ƙasa. Sau da yawa ko kwaɗo ɗaya ba ma samu. Mutum ya yi shekaru yana zuba maganar da ba zai faɗa a WhatsApp ba, a wurin da ya fi WhatsApp ɗin zama a buɗe ga kamfani. Wannan yana damuna ƙwarai, domin masu yin haka galibi su ne waɗanda suka fi buƙatar kariya.

Sawu kuwa ba sai an faɗa ba. Wanda ke riƙe da hirar kanta, da hotuna, da jerin mutanenka, ya wuce maganar sawu. A ranar 24 ga Agustan 2024 aka kama Durov a filin jirgin Le Bourget kusa da Paris, bisa zargin cewa dandalinsa ya zama mafakar masu aikata laifi kuma ba ya ba hukumomi haɗin kai. Ya musanta zargin. Wata guda bayan haka Telegram ta sauya manufofinta, ta ce za ta iya miƙa lambar waya da adireshin intanet na wanda ake zargi da laifi idan hukuma ta zo da buƙata ta shari'a.

Kada a ce na yi mata rashin adalci: a matsayin kayan aiki, Telegram ta fi sauran biyun nesa ba kusa ba. Zaure ɗaya yana ɗaukar mutum 200,000. Tasha ba ta da iyakar mabiya. Fayil har gigabait 2, ga mai biyan kuɗin wata na Premium, wanda aka fara a Yunin 2022, har gigabait 4. Kana iya buɗe ta a waya da kwamfuta da wata wayar a lokaci guda, komai na nan. Wayarka ta ɓata, ka sayi wata, ka sa lambarka, hirar shekara goma ta dawo ba tare da ka taɓa yin wani kwafin ajiya ba. Ba ta cika maka waya da hotuna, domin suna can a rumbunsu. Sai dai ka gane cewa wannan daɗin da wancan raunin abu ɗaya ne. Dalilin da ya sa hirarka ke dawowa cikin sauƙi shi ne, ba a wayarka kaɗai take ba.

Daga nan haɗarinta ya taso. Duk wanda ya sami lambar shiga da ake turowa, idan ba ka sa kalmar sirri ta biyu ba, ya gaji tarihinka kaf. Haka ta faru a Brazil a 2019, inda masu kutse suka shiga asusun Telegram na masu gabatar da ƙara a babbar shari'ar cin hanci ta ƙasar, hirarrakinsu da tsohon alƙali Sergio Moro suka fito a jarida. A WhatsApp ko Signal, wanda ya sace lambarka zai iya yin magana da sunanka, amma tsofaffin saƙonninka ba za su sauko masa haka kawai ba. Ban da wannan, girman zaurukanta ya sa 'yan damfara sun yi mata yawa, musamman masu alkawarin ribar kuɗin kirifto.

Kuɗinta daga Premium yake fitowa, da tallan da ake sawa a manyan tashoshi, da harkokin kirifto. Durov ya ce a 2024 ta fara cin riba. Abin lura ɗaya kan ɗorewa: idan ka daɗe ba ka hau ba har wa'adin da ke cikin saitinka ya cika, asusun yana goge kansa da duk abin da ke ciki.

Signal

Asalinta manhajoji biyu ne, TextSecure da RedPhone, da Moxie Marlinspike da abokin aikinsa suka fitar a 2010, daga baya aka haɗe su da sunan Signal. A 2018 aka kafa gidauniyar da ke riƙe da ita, wadda ba ta neman riba, da dala miliyan 50 daga hannun Brian Acton, wato shi wancan da ya kafa WhatsApp ya bar ta. Meredith Whittaker ce shugabarta tun 2022.

Komai a Signal yana cikin cikakken kulli, babu zaɓin kashewa. Lambobin gininta a buɗe suke, masana suna dubawa. Amma inda ta yi wa sauran fintinkau shi ne sawu. A 2016 wata kotun tarayya a jihar Virginia ta Amurka ta umarce su su miƙa bayanan wasu lambobi. Abin da suka iya bayarwa biyu ne: ranar da aka buɗe asusun, da ranar ƙarshe da ya hau. Ba ƙin bayarwa suka yi ba, babu ne. Ba su san sunan zaurenka ba, ba su san su wa ke ciki ba, ba su riƙe jerin mutanenka a yanayin da za su iya karantawa. Wanda bai tara ba, ba a ƙwace masa, ba a kuma yi masa sata. Tun 2024 kana iya ba mutum sunan laƙabi maimakon lambar wayarka, kodayake har yanzu sai da lamba ake yin rajista.

Babu talla. Da gudummawar jama'a take tafiya, kuma a 2023 gidauniyar ta ce zuwa 2025 za ta buƙaci kimanin dala miliyan 50 a shekara. A nan raunin ɗorewarta yake: abin da ya dogara da kyauta yana iya shiga matsi ranar da masu bayarwa suka ja baya. Ita ma ta taɓa durƙushewa na ɗan lokaci a Janairun 2021, da jama'a suka yi mata ca bayan hayaniyar WhatsApp. A watan ne Elon Musk ya rubuta a Twitter cewa a yi amfani da Signal, sai masu zuba jari suka ruga suka sayi hannun jarin wani ƙaramin kamfani mai suna Signal Advance da ba shi da wata alaƙa da manhajar, farashinsa ya yi tashin gwauron zabi. Har yau ana ba da wannan labarin ana dariya.

Idan wayarka ta ɓata fa? Shekara da shekaru amsar ita ce hirarka ta tafi, sai in kana da kwafi a wani wuri da ka adana da hannunka. A Satumban 2025 suka fara samar da ajiya mai cikakken kulli, akwai ta kyauta mai iyaka, akwai ta kuɗin wata mai faɗi. Makullin dawo da ita a hannunka kaɗai yake, idan ka yar da shi su ma ba su da yadda za su yi maka.

Amfani da ita ba wuya, wanda ya iya WhatsApp ya iya ta. Zaure yana kai mutum 1,000. Fayil ɗin da take ɗauka bai kai na sauran girma ba, kuma babu tashoshi. Matsalarta ta gaskiya ita ce kaɗaici. Masu amfani da ita ba su kai ko kusa da biliyan ba, kana iya saukewa ka tarar mutum uku kacal ka sani a ciki. Wasu ƙasashe kuma, irin su Sin da Iran da Rasha, sun toshe ta.

Haɗarinta daga gefe yake zuwa. A Agustan 2022 an yi wa Twilio kutse, kamfanin da ke tura mata saƙon tabbatar da lamba, abin ya shafi lambobi kusan 1,900, amma ba a ga saƙon kowa ba. Sai kuma abin da ya faru a Maris na 2025, lokacin da aka sa Jeffrey Goldberg, babban editan mujallar The Atlantic, cikin wani zauren Signal bisa kuskure daga asusun Mike Waltz, mai ba shugaban Amurka shawara kan tsaro a lokacin. A zauren manyan jami'ai suke tattauna harin da za a kai wa 'yan Houthi a Yemen. Kullin bai karye ba. Da hannu aka buɗe wa baƙo ƙofa.

A taƙaice cikin jadawali

| Ma'auni | WhatsApp | Telegram | Signal |
|---|---|---|---|
| Mai ita | Meta | Kamfanin Durov | Gidauniya marar neman riba |
| Cikakken kulli a hirar mutum biyu | Kai tsaye | Sai ka buɗe hirar sirri | Kai tsaye |
| Cikakken kulli a saƙonnin zaure | Akwai | Babu | Akwai |
| Sawun da take tarawa | Mai yawa | Mai yawa, har da hirar kanta | Kaɗan ƙwarai |
| Hanyar samun kuɗi | Asusun 'yan kasuwa da talla | Premium, talla, kirifto | Gudummawa |
| Girman zaure | 1,024 | 200,000 | 1,000 |
| Idan waya ta ɓata | Kwafin ajiya zai dawo da hira | Komai zai dawo, ban da hirar sirri | Sai in ka kunna ajiya |
| Lambobin gini | A rufe | Na manhajar a buɗe, na rumbun a rufe | A buɗe |
| Samun mutanenka a ciki | Kusan tabbas | Sau da yawa | Da ƙyar |

Ƙofar da aka fi shigowa ta ita

Kafin in raba wa kowa tasa, akwai abin da jadawali ba ya nunawa. Wani abokina ya sami saƙo da dare daga asusun wata 'yar'uwarsa, da hotonta da irin rubutunta: "Yaya, don Allah na yi kuskuren sa lambarka, wasu lambobi za su shigo maka, turo mini." Lambobin suka shigo, ya tura. Bai kai ga ajiye wayar ba manhajar ta fitar da shi. Kafin gari ya waye an aika wa mutum fiye da ashirin saƙo da sunansa cewa yana asibiti yana neman taimako, biyu har sun tura kuɗi. Ita ma 'yar'uwar tasa da irin wannan dabarar aka ƙwace nata asusun tun da rana.

Wannan damfarar tana aiki a kowacce cikin ukun, domin duk da lambar waya ake shiga. Maganinta kuma yana cikin saitin kowacce: lambar sirri ta biyu a WhatsApp, kalmar sirri ta biyu a Telegram, kullin rajista a Signal. Minti biyu ake yi a kunna. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a ganina wannan tsagar ta fi cinye mutane fiye da duk wani leƙen asirin gwamnati.

Wa ya dace da wacce

Idan buƙatarka hira da iyali da abokai da abokan ciniki ce, zauna a WhatsApp. Abin da kake rubutawa a kulle yake, kuma babu amfanin ƙaura zuwa inda mahaifiyarka ba za ta same ka ba. Ka dai kunna kullin kwafin ajiya da lambar sirri ta biyu, ka kuma sani cewa Meta ya san da wa kake hulɗa.

Idan kai malami ne mai ɗalibai dubbai, ko mai yaɗa labarai, ko mai raba manyan fayiloli da karatuttuka, Telegram ce taka, babu wadda ta kama ƙafarta a wannan aikin. Ka ɗauke ta a matsayin dandali, ka faɗi abin da za ka iya faɗa a bainar jama'a. Abin da na hana shi ne komawa can don neman sirri.

Ɗan jarida da majiyarsa, lauya da wanda yake karewa, likita da marar lafiya, mai fallasa almundahana, ma'aikatan da ke shirin kai kuka kan shugabanninsu, duk wanda sanin cewa ya yi magana da wane kaɗai zai iya jefa shi cikin matsala: Signal, kuma ba na jin akwai ta biyu a cikin ukun nan. A kunna saƙo mai goge kansa, a riƙa duba sunayen 'yan zaure kafin a yi magana mai nauyi. Ba sai ka shawo kan duniya ta bi ka ba. Mutum biyar ɗin da maganarku ke da nauyi su kaɗai za ka roƙa su sauke ta, sauran hirar ta ci gaba a inda take.

Mai yawan sauya waya ko yawan yar da ita, wanda tsofaffin hotuna da takardu suka fi masa komai, zai fi samun kwanciyar hankali a Telegram, in dai ya yarda da sharaɗin da na bayyana, ya kuma sa kalmar sirri ta biyu tun ranar farko.

Akwai kuma wanda abin tsoronsa ba kamfani ba ne, ba gwamnati ba, wani ne na kusa da ke ɗaukar wayarsa idan ya shiga wanka. Wannan sauya manhaja ba zai yi masa komai ba. Abin da yake buƙata shi ne kullin fuskar waya da ba wanda ya sani, da hana saƙo bayyana a saman allo idan waya tana rufe, da leƙa jerin na'urorin da aka haɗa da asusunsa lokaci-lokaci. Idan ya ga wata kwamfuta a jerin da bai san ta ba, ya cire ta nan take, sannan ya sauya lambar buɗe wayar.